Ruwan Ranar Lahadi

Tun da na dawo daga Legas nake shan tambaya. A ofis, a ƙofar masallaci, har a teburin mai shayi, maganar ɗaya ce: yaya jirgi, yaya gari, kuma na nawa ƙanenka ya zo a tseren? Nakan ce alhamdu lillahi, mun je lafiya mun dawo lafiya. Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ke nan ba. Aikina karanta labarai ne a gidan rediyo, na saba da taƙaita magana. Wannan ta ƙi taƙaituwa, shi ya sa na zauna na rubuta ta, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Sai na fara da gona, domin wanda bai fahimci gonar ba, ba zai gane sauran ba.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da Sale. Ni na yi boko na zauna a birni, shi ya riƙe gonar da aka bar mana a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Tana cikin filin noman rani, amma a can ƙarshen magudana take. Ruwa yana fitowa daga babban kanal ya bi magudanar, kowa ya ɗiba, abin da ya rage shi ke isa wurin Sale. A 'yan shekarun nan ciyawa da laka sun cushe hanyar, ruwa ya ragu, aka koma ba kowace magudana rana ɗaya a mako. Tamu Lahadi ce.

An sha faɗa a kan ruwan nan, har an taɓa fasa wa wani kai da fartanya. Daga nan dattawa suka kafa doka. Na ƙarshe su ne za su fara sha, daga asuba zuwa hantsi, sannan layi ya yi ta haurawa sama. Amma sai mai gona yana tsaye a gonarsa, shi ko ɗan'uwansa na jini. Ɗan ƙwadago ba ya riƙe wa kowa layi, saboda an kama wasu suna sayar da layin iyayen gidansu. Wanda ba ya nan an wuce shi, sai wani makon.

Duk da dokar, na sama ba su daina saka toshiya a ɓoye ba. Saboda haka ranar ruwa Sale yakan yi ta kai-kawo tsakanin gonarsa da bakin kanal yana cirewa, kuma tafiya ba ta isar sa, sai gudu. Ya saba, har ya zama ko ba ranar ruwa ba da gudu yake zuwa gona, ƙafa ba takalmi, a kan gaɓar kanal. A ƙauye magidanci ba ya gudu sai da dalili, amma shi an gaji da tambayarsa ko lafiya.

Wani abokin aikina, Bala na sashen wasanni, ya raka ni gida bikin suna, ya ga Sale yana gudun. Ya hau babur ya bi shi har gona, ya dawo ya ce mini, "Wannan ƙanen naka asararsa ake yi a nan." Ya ce akwai tseren da za a yi a Legas, na kowa da kowa, nisansa ya fi rabin tafiyar Kura zuwa Kano, kuma masu horar da 'yan wasa suna zuwa neman waɗanda za su ɗauka. Wanda aka ɗauka yana da albashi. Ni abin da na ji ke nan, albashi, da rabuwa da ƙarshen magudana.

Sale bai so ba. Tumatirinsa na bazara ne, wanda ake dasawa a makare don ya nuna lokacin da na kowa ya ƙare, kuma a makon tseren zai cika fure. Matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarmu Inna duk a kansa suke.

Ya ce, "Yaya, ƙasar nan yashi ce. In ya rasa ruwan Lahadi ɗaya a wannan zafin, furen zubewa zai yi."

Na ce, "Tseren Asabar da safe ne. Da yamma mu hau jirgi, ka yi sallar isha a ɗakinka."

"In jirgin bai zo ba fa?"

"Jirgi ba motar Bunkure ba ce da sai ta cika. Yana da lokaci a rubuce."

Ya ce, "To, tunda kai ka ce."

Na saya masa takalmin kambas sabo fil a Sabon Gari, fari mai ratsin shuɗi. Ya gwada shi a tsakar gida, a kan tabarma don kada gindin ya yi datti, ya cire, matarsa ta naɗe shi a leda ta sa a ƙasan akwati. Haka muke yi da kayan Sallah, ba a taɓa su sai ranar. Ni ma da na ji sai na ga daidai ne. Ba mu san cewa masu gudu ba sa shiga tsere da takalmin da ƙafa ba ta saba da shi ba. Bala ya ɗauka mun sani, mu kuma ba mu san akwai abin tambaya ba.

Ranar Alhamis muka tashi. A lokacin ne jirage suka yi ta faɗuwa a ƙasar nan, kuma ni da bakina na karanta wasu daga cikin labaran. Inna ba ta hana mu ba, amma ta sa an soya ƙosai an raba sadaka. A filin jirgin Kano aka ƙwace wa Sale 'yar wuƙar da yake yanka igiya da ita, wadda ba ta rabuwa da aljihunsa. Ya nemi a ajiye masa sai ya dawo, ma'aikacin ya yi dariya ya jefa ta a kwali. Jirgin na safe ne, ba mu shiga ba sai bayan la'asar.

Sale ya ce, "Yaya, lokacin da aka rubuta ɗin ya wuce."

Na ce yakan faru.

A cikin jirgi babu mai hira. Wani dattijo a bayanmu yana jan carbi da ƙarfi, wata mata a gefe tana waƙar coci a hankali. Sale ya manna goshi a taga. Da muka ɗaga sai ga wani shimfiɗaɗɗen kore a tsakiyar busasshiyar ƙasa, ya yi ta neman gonarsa a ciki har gajimare ya rufe. Aka raba ɗan biredi da lemon kwali, ya sa nasa a aljihu ya ce na yara ne. Da tayoyi suka taɓa ƙasa a Legas mutane suka tafa. Ya tambaye ni wa ake tafa wa, na ce matuƙi.

Ya ce, "Ashe ba kullum yake iyawa ba."

Mai masaukinmu Mamman Dogo ne, ɗan ƙauyenmu, dillalin tumatir a babbar kasuwar kayan gwari ta Legas. Shi ya tare mu. Daga filin jirgi zuwa kasuwar mun fi daɗewa a mota fiye da yadda muka daɗe a sama. Da muka shiga motar haya Sale ya yi sallama, ya gai da na dama da na hagu. Babu wanda ya amsa, matar da ke kusa da shi ta mai da jakarta ɗaya gefen. Mamman ya ce masa, "Nan gaisuwa sai wanda ka sani, shi ma sai in ba ka sauri."

Kuma kowa sauri yake. Mota ba ta tsayawa sosai, rage gudu take yi, mai sauka ya diro, mai hawa ya bi ta da gudu ya kama ƙofa. Na ga mutum da kwat da jakar ofis yana bin mota yana cin masara. Na ga mace da goyo ta tsallake titi mai hannu huɗu ba ta ko waiga ba. Sale ya ce, "To su waɗannan me ya sa ba su shiga tseren ba?"

Mamman ya ce, "Nasu kullum ne, ba a ba da kyauta."

Masaukin ɗakin katako ne a saman wani shago. Mazaunansa sun fi ƙarfinsa, sai aka raba barci: masu sauke kaya da dare su kwanta da rana, masu aikin rana su kwanta da dare, tabarma ba ta hucewa. Duk mutanen wajenmu ne, daga Kura da Garun Mallam da Madobi, kusan kowa yana da gona a gida wadda ta gaza riƙe shi. Ruwan wanka saye ake yi a bokiti, ban ɗaki ma sai an biya. Zafin garin mai danƙo ne, gumi ba ya bushewa. Abinci kuwa, Mamman ya kai mu wurin wata mai tuwon garin rogo, Sale ya yi loma biyu, yaji ya sa shi hawaye, daga nan bai ƙara cin komai ba sai shayi da biredi da shinkafar wata Bahaushiya a bakin masallaci.

Da safe ya zaga kasuwa. Ya tsaya a kan wasu kwanduna da aka sauke daga tirela, ya gane alamar wani maƙwabcinmu a jikinsu. Motar ta lalace a hanya, rabin kayan ya zama ruwa, mata masu abinci suna tayawa a wulaƙance. Ya tsuguna ya juya 'ya'yan da hannu, ya ce, "Wannan da ni aka dasa shi." Ya miƙe muka bar wurin.

Ranar Juma'a muka karɓi lambar da ake manna wa a ƙirji, muka nemi mai horarwar da Bala ya haɗa mu da shi. Muka same shi a ƙarƙashin laima yana waya. Ya dubi ƙafafun Sale kamar mai tayin bijimi, ya tambayi shekarunsa. Na ce wajen talatin. Ya ɗan yamutsa fuska, ya ce in ya shigo cikin na gaba-gaba in kawo shi. An ba kowa gajeren wando, Sale ya ƙi sawa, ya yanke wani tsohon wandonsa daidai ƙasan gwiwa.

Asabar da sassafe ya yi alwala, ya yi salla, ya kwance ledar, ya sa takalmin. Babu safa, domin ba mu yi tunaninta ba. Mutanen ɗaki suka yi ta yaba kyansa. Mamman ya ce, "Ko ba ka ci ba, ka fi su takalmi."

Wurin fara tseren ya cika maƙil, maza da mata, yara da tsofaffi, wasu da tumbi, matan da gajerun wanduna. Sale ya tsaya yana kallon ƙasa. Ni na nuna katin aikina aka bar ni na hau buɗaɗɗiyar motar 'yan jarida, wadda take tafiya a gaban masu gudu.

Da aka harba bindiga ya fita yadda yake fita ranar ruwa, da dukan ƙarfinsa. Kafin a bar unguwar farko ya ratsa taron ya shiga cikin 'yan gaba, wasu sirara da gudu shi ne sana'arsu. Suna ta dubansa ta gefen ido. 'Yan jarida suka fara tambayar wane ne mai dogon wandon nan, na ce ƙanena ne, manomi ne daga Kano. Wani ya rubuta sunansa. Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin na ji daɗi ƙwarai.

A teburin ruwa na farko sauran suka fizgi kofi suna gudu, suka watsa a baki suka yar. Sale ya tsaya, ya tsuguna, ya sha, ya mai da kofin kan tebur. Aka yi dariya a motarmu. Ya tashi ya sake cim musu.

A kan doguwar gadar da ta ratsa ruwa ne na ga tafiyarsa ta canja. Ya fara taka gefen ƙafa, sannan ya fara ɗingishi. Ya zauna a bakin gada ya cire takalmin. Daga inda nake na hango cikin takalmin ya yi ja. Na ɗauka zai yar da shi, sai ya riƙe shi a hannu ya ci gaba da gudu ba takalmi. Gaɓar kanal ƙasa ce mai laushi. Wannan kankare ne da rana ta gasa, da tsakuwa da fasassun kwalabe, kuma fatar ƙafar ta riga ta saɓule. Na buga wa direba jikin mota don ya tsaya, aka ce mini motar ta na gaba ce, ba ta jiran kowa. Muka sha kwana, ban ƙara ganinsa ba.

Na jira a wurin ƙarewa. Na farko suka iso, aka yi kiɗa, aka ba su kyaututtuka, aka ɗauki hoto. Mai horarwar ya wuce ta gabana da wasu samari biyu, bai nuna ya gane ni ba. Rana ta take sosai kafin Sale ya ɓullo, a cikin dattawa da ma'aikatan ofis masu tumbi, yana tafiya yana ɗan sassarfa, takalmi a hannu.

Na ce, "Me ya sa ba ka tsaya ba? Akwai motar da ke kwasar waɗanda suka gaji."

Ya ce, "Ban san inda za ta kai ni ba. Nan ka ce in same ka."

Wata ma'aikaciyar jinya ta wanke ƙafafun, ta yanke fatar da ta rage tana reto, ta naɗe da bandeji. Ta ce kada ruwa ya taɓa su har mako biyu. Na fassara masa. Ya ce, "Ka gaya mata aikina?" Ban gaya mata ba. Ya tambayi lokaci, ya ce mu tafi filin jirgi.

Mun isa da wuri. Mamman ya raka mu har ƙofa, kuma kafin ya juya ya ce manyan motocin dare suna tashi kafin magariba, ta Zariya suke bi, mutum yana iya sauka a Kura da hantsi. Ya ce ya faɗa ne kawai.

Lokacin tashi ya zo ya wuce. Wata murya ta fito daga lasifika ta ba da haƙuri, ta ce za a ƙara awa ɗaya saboda wasu dalilai na aiki. Murya ce mai kyau, tana fitar da kowane harafi. Na san irin karatun nan, wanda ake miƙo maka takarda ka karanta ba tare da ka san abin da ke bayanta ba.

Sale ya ce, "Yaya, mu bi mota."

Na je kanta na tambaya. Wani saurayi mai ɗaurin wuya ya ce jirgin yana sama, ya taso daga Fatakwal, ya rantse mini. Na auna: mota za ta kai mu daf da ƙarewar layinmu, in ba ta lalace ba, in ba a tare hanya ba, kuma da ƙafar nan a dunƙule dare guda. Jirgi zai kai mu yau. Na dawo na ce mu ƙara haƙuri. Aka sake ƙara awa ɗaya. Aka kira magariba, muka yi salla a wani lungu, shi a zaune. Bayan isha muryar ta ce an soke tafiyar sai gobe da safe. Kafin mutane su isa kanta ma'aikatan sun ɓace ta ƙofar baya.

A ƙauyenmu waya ba ta kamawa, kuma ba mu da wani namiji na jini da ya rage a can. Na yi ta neman mai wayar kuɗi na bakin tashar Kura har na same shi, na roƙe shi ya aika wa Alhaji Ubale, shugaban magudanarmu, wanda gonarsa ce ta farko a bakin kanal, cewa muna hanya, a taimaka a ɗaga mana layi. Muka kwana a kan kujeru.

Da gari ya waye ɗakin jira ya ninka cika, domin fasinjojin safe sun zo sun tarar da na jiya. Wata Hajiya 'yar kasuwar Kwari, wadda ta saba da hanyar, ta dubi ƙafafun Sale ta dube ni.

Ta ce, "Malam, jirgi ɗaya za su kawo, kuma ba ya ɗauke mu duka. Ba a rubuta lambar kujera. In an buɗe ƙofar nan, wanda ya riga isa matakala shi ne mai tafiya."

Na ce ai muna da tikitin jiya.

Ta ce, "Kowa yana da tikiti." Ta tuɓe takalmanta masu tsini ta sa a jaka.

Sale ya jawo ni gefe. Ya ce, "In na kasa, kai ka wuce. Kai ma jini ne, za su karɓa. Ka fara da ɓangaren gabas, shi ya fi yashi." Na ba shi wayata da jakarmu da abin da ke aljihuna, na nuna masa lambar Mamman. Muka yi wannan a natse, kamar masu shirin zuwa kasuwa.

Jirgin ya tsaya can nesa a fili. Aka buɗe ƙofa. Rabona da gudu tun ina makaranta, kuma na haura arba'in. Na ga masu manyan riguna sun tattare su a kafaɗa, na ga mai kwat ya faɗi jakarsa ta buɗe, aka bi ta kan takardunsa. Sale ya fita tare da ni, da silifas a kan bandeji. Ya yi 'yan taku, na ji ya yi wani ƙaramin sauti, na waiga. Ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Je ka." Mutane suna ta wuce shi ta dama da hagu, har da Hajiyar.

Na gudu. A gindin matakala akwai wani tsoho da ledar magani a hannu, ya riga ni sa ƙafa. Na sa kafaɗa na wuce shi. Ban san ko ya samu shiga ba. Bayana da mutum kaɗan ma'aikaci ya miƙa hannu ya tare hanya. Na samu kujera a can baya, ƙirjina kamar zai tsage. Ta taga na ga ana kora waɗanda suka rage zuwa ɗakin jira. Sale ne na ƙarshe, yana taka dunduniya.

Ba a gaya mana jirgin zai biya ta Abuja ba sai da muka tashi. A can muka zauna a ƙasa, a cikin jirgi, ba iska, ana jiran mai. Na yi ta kallon inuwar fiffike tana gajarcewa. Mun sauka Kano bayan azahar. Na hau acaɓa zuwa tasha, na shiga motar Kura, ita ma sai da ta cika. Daga Kura na hau babur. La'asar ta kusa lokacin da na isa bakin magudana, da kayan da na kwana da su.

Ruwa yana gonar Alhaji Ubale, shi kuma yana tsaye a cikin masararsa da wando a naɗe.

Ya ce, "A'a, Malam Iro, mutanen rediyo. Kwana biyu ba mu ji muryarka ba. Ina gwanin namu?"

Na gaya masa a taƙaice. Ya yi salati, ya jajanta, kuma na ga alamar da gaske yake.

Ya ce, "Saƙonka ya iso. Da asuba na tsayar da mutane, muka jira har rana ta fito. Daga nan na ƙasa suka fara magana. Ka san dokar, kuma ranar da aka kafa ta Sale ya fi kowa ɗaga murya."

Na ce, "Ga ni na zo, Alhaji. Ɗan'uwansa ne na jini."

"Babu mai musu. Amma layi ya hauro. In na sakar maka yanzu, duk wanda bai ƙoshi ba zai ce a sake masa. Bari in gama wannan ɓangaren, abin da ya rage naka ne."

Na tsaya. Ya gama rana tana ja, ya cire toshiya da hannunsa. Na bi ruwan a ƙafa yana rarrafe a cikin magudana, ina kwashe masa ciyawa a gaba. Mun wuce rabi ke nan sai na ga ya daina motsi. Ma'aikacin kanal ya rufe babbar ƙofa, lokacinsa ya yi. Ruwan ya tsaya a inda yake, ƙasa ta shanye shi.

Na ɗauki hutu a wurin aiki. Na samu mai baro muka yi ta jigilar jarkoki daga babban kanal, muna zuba wa gindi ɗaya bayan ɗaya. Nisan ya yi yawa, zafin ya yi yawa. Mun ceci 'yan kunyoyin da ke bakin hanya. A ɓangaren gabas ganye ya fara naɗewa tun ranar Talata.

Sale ya iso ranar Laraba a bayan tirelar da ta sauke tumatir ta dawo da kwanduna. Jirgin da aka yi musu alkawari bai zo ba, Mamman ya je ya ɗauko shi. Ƙafafun sun kumbura, ɗaya ta fara ruwa. Ya ƙi zuwa kyamis sai an fara kai shi gona. Na goya shi a babur. Ya sauka ya dafa kafaɗata, muka bi kunya ɗaya har ƙarshe. Furen yana ƙasa, rawaya, ya bushe. Ya tsuguna da ƙyar ya tona gindin wata shuka da yatsa, ya duba, ya mai da ƙasar.

Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya."

Bai yi maganar jirgi ba, ranar ko bayanta. Lahadin da ta biyo ni na tsaya a layi, shi yana zaune a kan gaɓa da ƙafa a leda. Shukar ta farfaɗo ta yi ganye, amma ba ta mai da furen ba. Abin da aka tsinka bai kai a kira mota ba, a kasuwar Kura aka sayar.

Gab da faɗuwar damina ya zo gidana a birni, ranar da ba na aiki. Muka ci abinci, ya yi wasa da yara. Da na rako shi bakin titi sai ya ce, "Yaya, na ba Alhaji Ubale hayar gonar. Shekara biyu. Babu abin da zan sa mata bana, ga gida."

Na ce me ya sa bai gaya mini ba tukuna.

Ya ce, "Ka yi naka."

"Kai kuma fa? Me za ka yi?"

"Alhaji ya ce in riƙa yi masa ban ruwa a can. In ya sa wani, ɗan ƙwadago ne, ba a ba shi layi. Ni kuwa har yanzu mai gona ne a bakin mutane."

Mota ta tsaya, kwandasta yana kiran Kura. Na tambaye shi ƙafar. Ya ce ta warke, sai dai ba ta son ruwan asuba.